Kumburin da ke tafiya yana dawowa: yadda muka zaɓa wa Auta magani

Satin da ya wuce, a layin awon jini, wata baiwar Allah daga wajen Madarumfa ta ga littafin da nake rubuta awon fitsarin ɗana a hannuna, ta ce, "Malam, wannan fa na mene ne?" Ɗanta na zaune a cinyarta, fatar idanunsa ta kumbura har da ƙyar yake buɗe su. Ban tambaye ta ciwonsa ba, na san fuskar, irin ta ciwon yoyon ƙoda ce da ɗana Auta ya yi fama da shi. Na fara yi mata bayani, ban kai rabi ba aka kira ta. Sauran da ban samu faɗa mata ba shi zan zuba a nan tun daga tushe, don kusan shekara huɗu muka yi muna tsintar abin da za a iya gaya wa mutum a zama ɗaya.

A watan Nuwamba na 2021 abin ya fara, Auta yana da shekara huɗu. Ya tashi da safe ido a kumbure, kafin azahar ya sace. Muka ce cizon ƙwaro ne ko shigowar sanyi. Bayan kwana biyar takalmi ya ƙi shiga, ciki ya taso, har marainansa suka kumbura. Uwarsa ce ta lura fitsarin ya ragu, kuma in ya yi a fo sai ya yi kumfa kamar an zuba omo. A ƙaramin asibitin unguwa aka danna masa ƙafa da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba, aka ce tamowa ce, aka ba mu abincin gyaɗa na leda. Ban ga laifinsu sosai ba. Mai aikin lafiya a ƙasar Maraɗi ya ga kumburin tamowa har ya gaji, sai idonsa ya riga tunaninsa. Amma yaron nan yana cin tuwonsa, ba rama ba zawo, kuma babu wanda ya ce a kawo fitsari. Kwana takwas muka ɓata a haka, yana ƙara nauyi muna murna, ashe ruwa ne. Ranar da ya kasa sunkuyawa ya ɗauki ƙwallonsa na koma na roƙi majo, wato shugaban asibitin unguwar, ya rubuta mana takardar turawa babban asibiti.

Can aka fara da abin da ya kamata a fara da shi. Aka tsoma wani ɗan tsinken takarda cikin fitsarin, kafin minti ɗaya bakinsa ya koma kore shar. Aka rubuta alamar ƙari uku, +++, aka ba mu gado. Da yake bai cika biyar ba, kuma tun 2006 kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a Nijar, ba mu biya ganin likita ba. Sai dai kyautar tana tsayawa inda kantar magani ta ƙare: wasu awon da wasu magungunan a waje muka yi su, kwana goma sha ɗaya suka ci min kusan jika 60 na sefa. An tara fitsarin yini da kwana a bido, an auna albumin, wato furotin ɗin jini, da aikin ƙoda a jini, an duba ciwon hanta nau'in B, amosanin jini, ƙanjamau, ƙwan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro, an ɗauki hoton ƙirji saboda tarin fuka. A lokacin na ɗauka neman kuɗi ne. Daga baya na gane wasu daga cikin cututtukan nan su kansu suna haddasa kumburin, wasu kuma maganin da za a ba shi yana tayar da su in suna kwance. Likitan yara ya zaunar da ni ya ce, "Mushe, ƙoda rariya ce. Tana tace datti ta riƙe furotin a cikin jini. Ta ɗanka ta buɗe ido, furotin na zubewa cikin fitsari, in ya yi ƙaranci a jini sai ruwa ya tsere ya shiga nama." Sunan da ya rubuta a karne shi ne sindirom nefrotik, mu a gida yoyon ƙoda muke cewa. Tambayar da ta hana ni barci na yi masa, ko wankin ƙoda za mu ƙare. Ya ce in yaro ya amsa magani, kuma wajen takwas zuwa tara cikin goma suna amsawa, ƙodar ba ta cika lalacewa ba.

Maganin shi ne firednizon, wanda a farmasi muka fi sani da Cortancyl. Ana lissafa shi da nauyin yaro na ainihi, ba na kumburi ba: miligiram 2 a kowane kilo, Auta kilo 15, ke nan ƙwaya ɗaya da rabi ta miligiram 20 kowace safiya har sati shida, sannan a rage a koma yau a sha gobe a huta, wani sati shidan. A daren kwana na tara fitsari ya ɓalle. Uwarsa ta canza zane sau huɗu kafin asuba, tana yi tana hamdala. Cikin kwana uku ya zubar da fiye da kilo biyu, muka ga ɗanmu ya fito daga cikin kumburin, ƴar wuyansa siririya. Aka sallame mu da sharuɗɗa: ba gishiri, ba dunƙulen Maggi, ba kanwa, ba kilishi, ba gwangwanin sardin, kuma kada a kuskura a yanke maganin kai tsaye, don jiki yakan daina haɗa irinsa na kansa in ya daɗe yana samu daga waje. Tukunya biyu aka koma ɗorawa a gidan. Maganin kuwa ya zo da nasa: cin abinci kamar gara, kumatu suka yi tulu-tulu, ga faɗa da ƴan'uwa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Maƙwabta na cewa ma sha Allah ya yi ƙiba, ni na san ba ƙibar lafiya ba ce.

A Fabrairu muka gama, na yanka zakara. Cikin azumin Afrilun 2022 ya yi mura, kwana huɗu ido ya kumbura. Wannan dawowar ta fi ta farko karya min zuciya, don babu wanda ya gaya min cewa yawancin yaran nan ciwon yakan dawo musu, kuma mura ko zazzaɓi ne ke tayar da shi. A nan ne wata ma'aikaciyar jinya, Allah Ya saka mata, ta ce in sayi kwalbar tsinken awon fitsari in riƙa gwadawa a gida da fitsarin farko na safe. Ta koya min ƙa'idar: ƙari uku kwana uku a jere, ciwo ya dawo ko da babu kumburi, babu komai ko ɗan burbushi kwana uku a jere, ya kwanta. Kwalba mai ɗari jika 9 na saya, ina tsaga kowane tsinke biyu a tsaye da almakashi. Na ɗauki littafin ƴan lakwal na ja layi huɗu: kwanan wata, sakamakon awo, yawan maganin da ya sha, da abin da ya faru ranar, ko mura ce ko zazzaɓi ko ya ci abincin biki. Ya dawo a Agusta tare da zazzaɓin damina, ya dawo a Nuwamba, ya dawo a Janairun 2023. Kowane karo sai a koma shan kullum har fitsari ya wanke, sannan sati huɗu na tsallaken rana. Ya riga ya cika biyar, komai da kuɗi. A tsakanin nan Inna ta kawo jiƙo daga ƙauye, wani ya ce sammu ne, wani ya ce a kai shi a yi masa tsaga. Rubutu da addu'a na karɓa hannu biyu, jiƙon kuwa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ƙodar da ke yoyo ba a ɗora mata abin da ba a san awonsa ba." Ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Abin da ya tsorata likitanmu ba kumburin ba ne, bango ne. Akwai inda nake jan layi da alli a ƙofar ɗaki duk ƙaramar salla da babba, layin Auta ya kusa tsayawa wuri ɗaya, ɗan ƙanena da Auta ya girme shi da wata takwas ya wuce shi. Tansiyonsa ma ya fara hawa. Likita ya ƙirga littafin ya ce sau huɗu cikin wata goma sha biyu, wannan ya shiga sahun masu yawan dawowa, firednizon kaɗai zai ci masa tsawo da ƙashi, yana iya sa masa yanar ido. Ya rubuta mana takarda zuwa wurin likitar ƙoda a Yamai. Ga abin da ban sani ba sai da na je: ba kullum ake ganin masu ƙoda ba, akwai ranakunsu. Mun yi tafiyar fiye da kilomita 600, muka sauka Laraba da dare, aka ce sai Litinin. Kwana huɗu a gidan wani ɗan'uwa, kuma aka sake duk awon jinin da na zo da shi don ya wuce wata guda. Kuɗin mota, awo da abinci sun tasar wa jika 100. Da na nemi lambar sakatariya na kira tun daga gida, da rabin wannan ya isa.

Ranar Litinin tun bakwai muna kan benci, sai kusan sha biyu muka shiga. Likitar ba ta fara da yaron ba, littafin ta karɓa, ta yi ta buɗa shafi tana ƙirgawa da biro. Ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da kowa zai zo min da irin wannan, da aikina ya yi sauƙi." Sannan ta juya bayan wata ordonansi ta jera sunaye biyar, ta ce dukkansu aikinsu ɗaya, su rage dogaro da firednizon, kuma babu wanda ba shi da haƙori. Lebamizol asalinsa maganin tsutsar ciki ne, ana shan miligiram 2.5 a kowane kilo rana bayan rana, shekara ɗaya ko fiye; shi ne mafi sauƙi a jiki da aljihu, amma yakan rage fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, dole a riƙa awo. Siklofosfamid na ɗan lokaci ne, sati takwas zuwa sha biyu a gama, sai dai yana da ƙarfi, yana taɓa jini da mafitsara, in ya yi yawa yana taɓa haihuwa. Mikofenolat safe da yamma ne, aƙalla shekara, ba ya cutar da ƙoda amma yana da tsada, yakan sa zawo, kuma ciwon kan dawo in an daina. Siklosforin da ɗan'uwansa takrolimus suna riƙe ciwon sosai, amma dole a riƙa auna yawansu a cikin jini, in sun haura su da kansu suna cin ƙodar. Siklosforin ɗin kuma yana kumbura dasashi yana tsiro gashi. Na ƙarshe rituksimab, ta jijiya ake sawa a asibiti, da ta faɗi kuɗin kwalba ɗaya sai da na yi dariya, albashina na watanni ne.

Ni da na zo da niyyar in ce a ba mu mafi ƙarfi ko da zan sayar da filina, sai ta jefo min tambayoyin da ban zata ba. Minti nawa ne daga gidana zuwa inda ake ƙirga ƙwayoyin jini? In maganin ya ƙare ranar Juma'a, a ina zan samu ranar Asabar? Zan iya biyan wannan kuɗin wata ashirin da huɗu ba fashi, ko wata uku zan yi in gaji? Ta ce maganin da ake sha wata biyu a rasa wata ɗaya ya fi wanda ba a fara ba illa, ga kuɗi sun tafi ga ciwo ya dawo. A kan wannan muka tsaya ga lebamizol. Auta kilo 17, ƙwaya ɗaya mai miligiram 40, irin wadda ake sayarwa a Najeriya a matsayin maganin tsutsa, ta yi masa daidai. Ƙanin matata yana fatauci Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, shi ya ɗauki nauyin sayowa a kantin magani mai rajista.

Wata bakwai muka samu lafiya lau. Aka janye firednizon a hankali har aka daina, kumatu suka sauka, layin alli ya motsa, awon jini kowane wata yana fita daidai. Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, a farkon Agusta Najeriya ta rufe iyaka. A nan laifina yake, ba zan ɗora wa kowa ba. Ina da na wata biyu a hannu, na ce kafin ya ƙare an buɗe, kuma can cikin raina na fara ganin yaro ya warke. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ranar na tashi fafewa. A Oktoba ya ƙare. Wanda aka shigo min da shi ta ɓarauniyar hanya ba kwali ba ranar lalacewa, na ƙi ba shi. Wani maƙwabcina mai kiwo, da kyakkyawar niyya, ya kawo min ƙatuwar ƙwayar tsutsa ta tumaki, ya nuna min sunan a jiki, lebamizol ne kuwa, ya ce a ɓantara masa kaɗan-kaɗan. Na riƙe ta a hannu na daɗe ina kallo, ba zan ɓoye ba. Na kira likitan yara, ya ce ko da wasa: awonta na dabba ne, haɗinta na dabba ne, ba wanda zai iya cewa ga abin da ke cikin ɓantare ɗaya. A Disamba ciwo ya dawo. A Fabrairun 2024 ya sake dawowa tun muna cikin tsallaken rana, a Afrilu kuma kwana goma kacal bayan dainawa. Wannan yana da nasa suna a wurin likitoci: in ya dawo sau biyu a jere ana cikin shan firednizon ko kafin sati biyu da dainawa, yaro ya zama mai dogaro da shi.

A Mayu muka koma Yamai, wannan karon na kira tukuna, na yi awo sati ɗaya kafin tafiya, kwana biyu muka yi. Likitar ta ce lebamizol ba ya cika riƙe masu dogaro kamar yadda yake riƙe masu yawan dawowa, saura mikofenolat ko siklofosfamid. Na farkon na lissafa, ya kai rabin albashina kowane wata, kuma sai an yi odarsa. Na riga na ɗanɗana abin da yankewa ke yi. Na biyun kuwa ana iya sayen dukkansa rana ɗaya a ajiye. Ta faɗa min gaskiya cewa ba ta da tabbacin zai riƙe, wasu yaran sukan samu shekaru, wasu watanni kawai, kuma ba a maimaita shi karo na biyu. Maganar haihuwa ta yi min lissafi a gabana: iyakar da ba a wucewa ita ce miligiram 168 a kowane kilo a jimlace, an sa ta ne don a tsaya ƙasa da inda haɗarin yake ƙaruwa. Auta kilo 21, ya kama 3,528. Ƙwayar siklofosfamid ɗin, mai suna Endoxan, miligiram 50 ce kuma ba a fasa ta, saboda haka ƙwaya 70, ɗaya kowace safiya, sati goma, ko ɗaya ba za a ƙara ba. Ban amsa a wurin ba, na ce sai na yi shawara. A gida uwarsa ta yi kuka, Inna ta ce, "Ɗa namiji za ku ba abin da zai hana shi zuriya?" Na zauna na karanta mata lissafin da Hausa, na nuna mata layin allin. Ta yi shiru, can ta ce, "To, a yi istihara." Aka yi, muka fara a Yuni, bayan fitsari ya wanke, don ba a fara shi yaro yana cikin kumburi.

Sati goman nan ban taɓa yin tsaro irinsu ba. Ƙwaya da sassafe, sannan ruwa, ruwa, ruwa, don kada maganin ya kwanta a mafitsara. Na sa masa gora mai layi, in ya shanye kafin azahar yana da dala biyar. Ni kaɗai ke taɓa ƙwayar, in wanke hannu, kwalin kuma a firjin wani maƙwabci saboda ba ya son zafi. Duk Litinin awon jini, jika 3 da kuɗin kabu-kabu, in ɗauki hoton sakamakon in aika wa likita ta WhatsApp. Da aka ce ƙarambau ya shiga ajinsu na tsare shi a gida, don ga yaron da ke kan irin waɗannan magunguna ƙarambau da ƙyanda ba ƙananan cututtuka ba ne. Haka allurar rigakafi, akwai waɗanda ba a yi wa yaro a wannan hali, sai an tambayi likita. A sati na shida zazzaɓi ya rufe shi da tsakar dare. Ban tsaya ba shi farasitamol in jira safiya ba, an riga an gargaɗe ni, muka tafi asibiti a daren. Na cizon sauro ne, fararen ƙwayoyin sun ɗan sauka, aka dakatar da Endoxan kwana shida sannan aka ci gaba har ƙwaya ta saba'in. Sauran da suka rage na mayar wa farmasin asibiti.

Da za a mayar da ni 2021, ranar farko zan ce a auna fitsari, ranar da aka sallame mu kuma zan sayi tsinken awo in buɗe littafi, ba sai ciwo ya dawo ba. Duk shawarar da aka yanke a Yamai daga littafin nan ta fito. Ba don shi ba da "yana yawan dawowa" kawai zan ce, alhali sau nawa, da kuma ko yana kan magani lokacin da ya dawo, su ne ke raba wannan magani da wancan. Kuma da ba zan ji kunyar faɗa wa likita ainihin abin da ke aljihuna ba tun zaman farko. Abin da muka zaɓa ba lalle ya dace da ɗan wani ba: wanda bai amsa firednizon ba tun farko hanyarsa daban ce, har akan tsakuro ɗan naman ƙoda da allura a duba, kuma ko alƙaluman da na kawo nan na Auta ne da nauyinsa, ba na a ɗauka a tafi farmasi ba. Ciwon ciki mai tsanani da zazzaɓi ga yaro mai kumburi kuwa ba a kwana da shi a gida, ruwan cikin yana iya kamuwa da ƙwayar cuta.

Yau wata goma sha huɗu ke nan ba firednizon. Likitar ta ce da yawansu ciwon yakan rabu da su wajen balaga, amma ba ta sallame mu ba, muna da ranar komawa bayan wata shida. Awo ya koma sau biyu a sati, sai in ya yi mura mu koma kullum. Shi da kansa yake tsoma tsinken yanzu, ya kara shi da jikin kwalba, ya ƙwala min kira daga bayan ɗaki, "Baba, rawaya ne!" in ce ya rubuta. Littafi na uku muke ciki, rubutun shafukan baya-bayan nan duk nasa ne, a karkace.